Muciyar Gumersinda

Sunana Gumersinda, kuma ba laifina ba ne.

A gidanmu da ke garin La Banda, 'ya macen da ta fara zuwa ita ake ɗora wa wannan suna, tun kafin a yanke cibiya. Kakata ta wajen uba Gumersinda ce, uwarta ma haka, har can baya zuwa wata tsohuwa da ba wanda ya taɓa ganin hotonta. Da sunan ne kaɗai da da sauƙi, don a makaranta na samu an rage min shi zuwa Gume. Amma sunan tafe yake da muciya. Ta kusa kai ni tsawo, bakinta ya cinye gefe guda don tsufa. Duk ranar ashirin da biyar ga Mayu, ranar hutun ƙasa, mai sunan ce ke tsayawa kan tukunyar locro tun da sassafe, tana juya farar masara da wake da kabewa da nama, awa shida ba zama, har mutanen unguwa su iso da kwanukansu.

Hannun Kaka ya fara rawa, don haka shekara biyu ke nan ni ce a kan tukunya. Duka biyun na ƙona ta. A ta farko littafi na sa a aljihun rigar girki. A ta biyu na yi dabara na ɓoye shi bayan itacen wuta, amma ƙauri bai san dabara ba. Har yau in na wuce gaban shagon mai burodi sai ya shinshina iska ya ce, "Gume, wani abu na kamawa?" Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri.

Ina da yaya guda ɗaya, ta girme ni da shekara takwas. Da aka haife ta an duba aka ce namiji ne, aka raɗa mata sunan maza, aka saya mata ƙwallo. Ita kuwa tun tana ƙarama ta san ba haka ba ne. Wancan sunan ba zan rubuta shi a nan ba, ta ɗauke shi shekara ashirin da huɗu, ya isa. Wanda ta zaɓa wa kanta shi ne Candela. Na riga kowa saninsa, don a bangon baya na littattafaina ta riƙa gwada sa hannu da shi tun ina aji uku. Ba ni da littafi ko ɗaya da babu Candela bakwai ko takwas a bayansa, wata da jela, wata da ɗan tauraro.

Shekara uku da suka wuce ta faɗa wa gida. Mama ta yi kukan kwana biyu, a na uku ta ja ta kasuwa sayen takalmi. Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Kiran sunanta kawai ta daina. Tsohon ta bar shi, sabon ba ta ɗauka ba. Kullum da yamma muna zama a tsakar gida shan mate, shayin ganyen da ake zuƙa da ɗan bututu, Kaka ce mai zuba ruwan zafi a ɗan ƙoƙon ganyen, tana miƙa wa kowa bi da bi da sunansa. "Ofelia, karɓi," in ji ta ga Mama. "Gumersinda, karɓi." In ta zo kan yayata sai ta miƙa hannu kawai, ta yi gyaran murya, tana kallon bishiyar lemo. Shekara uku ana kiran yayata da gyaran murya.

Sai doka ta zo. Ba likita, ba alƙali, ka je ofishin rajista ka cike takarda, a sake maka takardar haihuwa da katin shaida da sunan da ka zaɓa. Amma sau ɗaya ake yi cikin sauƙi. In ka rubuta ka dawo kana nadama, to sai gaban alƙali. Candela ta samu rana, Alhamis, sha shida ga Mayu. Mama ta ce kada a faɗa wa Kaka sai an gama.

Ranar Litinin da rana, kowa na barcin bayan abinci, na tarar da Kaka a inuwa tana shafa wa muciya mai. Na ƙirga a raina, saura kwana goma sha biyu ranar locro ta zo. A nan ne tunanin ya zo min, kuma na rantse da farko kamar tunani mai kyau ya zo.

"Kaka, ina da tambaya. Ta ilimi ce kawai."

"Ilimin naki ne ya ƙona min masara sau biyu. Faɗi."

"Sunan nan namu, babbar 'ya mace ake ba wa, ko?"

"Tun kafin jirgin ƙasa ya san hanyar garin nan."

"To, a misali. A misali fa, Kaka. In gwamnati da kanta ta buga hatimi ta ce akwai wata mace a gidan nan da ta girme ni?"

Hannunta ya tsaya a kan muciya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana, har na fara jin fitsari.

"Yaushe za a buga hatimin?"

"Ni ban ce za a buga ba."

"Gumersinda."

"Alhamis," na ce, da murya kamar ta sauro.

Ta ci gaba da shafa mai.

Da yamma Candela ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta tuɓe takalmi, muka zauna. Kaka ta zuba ruwa. "Ofelia, karɓi." Mama ta sha ta mayar. Kaka ta sake zubawa.

"Gumersinda, karɓi."

Na miƙa hannu. Ta buge min shi.

"Ba ke ba. Babbar."

Ta miƙa ƙoƙon ga Candela, kuma wannan karon ba bishiyar lemo take kallo ba. Mama ta ƙware. Candela ta waiwaya bayanta, ko akwai wata a tsaye.

"Ke nake nufi, kina waige kamar mara gaskiya," in ji Kaka. "An ce ranar Alhamis za ki je a rubuta ki mace. Ni ban san dokarsu ba, tawa na sani. Babbar 'ya a gidan nan Gumersinda take. An yi kuskure aka ba wa wannan mai ƙona abincin, to sai a gyara. Abin da za ki rubuta musu ke nan. Karɓi mana, zai huce."

Candela ta karɓa da hannu biyu. Ta zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara, hawaye na gangarowa gefen hancinta. Ni kuwa na ƙura wa yatsun ƙafata ido kamar ranar na fara ganinsu.

Muna shiga ɗaki ta damƙe min kunne.

"Ke ce, ko? Ɓeran littafi!"

"Yaya, wallahi tambaya kawai na yi."

"Tambayar uwar wa? Don ki tsere wa tukunya kika sayar da ni? Gumersinda! Ki dube ni da kyau. Na yi miki kama da Gumersinda?"

"Ni na yi kama da ita ne?"

"Ke kam an haife ki da fuskarta."

Ta saki kunnen, ta faɗa kan gado tana kallon rufi. Na jira ta ci gaba da zagina, don da ta ci gaba da na fi samun sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Kin ji ta kuwa? Babbar, ta ce."

"Na ji."

"Shekara uku, Gume."

Na ce ai da sauƙi, ta haɗa biyun, Candela Gumersinda, kowa ya huta. Ta tashi zaune ta ce ashe littattafan nan suna da amfani. Washegari ta kai wa Kaka maganar, har da tsarabar alewar madara. Kaka ta cinye alewar tas, ta suɗe yatsa, sannan ta ce, "Ba a taɓa yin Gumersinda mai suna biyu ba. Ba ta zama a bayan wata, ba ta goya wata. Ita kaɗai take tafiya."

"Kaka, ai ga Gume tana da shi. Biyu a gida ɗaya?"

"Uku. Kin manta da ni? Wannan sai a riƙa ce mata Ƙarama, ta koma ta ci gaba da lalata idonta. Muciya taki ce."

Zan faɗi gaskiya, don in ban faɗa ba labarin bai da amfani. Daɗi na ji. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi 'yar rawa. Har na zaɓi littafin da zan karanta ranar ashirin da biyar, a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙamshin locron wani yana zuwa min.

Ranar Laraba da yamma na shiga ɗaki neman fensir, na tarar da Candela a bakin tebur. Ta ɗauki littafina na tarihi, ta buɗe bangon baya, tana gwada sa hannu. Gumersinda. Gumersinda. A ƙarƙashin tsofaffin Candela masu jela da tauraro ta jera su, kowanne a karkace kamar an taka shi. A cikin aljihun teburin da ke buɗe na hango 'yar alamar ƙirji mai sunan Candela da ta sa aka buga mata don aiki, tun wata biyu da suka wuce, tana jiran ranar da za ta maƙala ta. Ta ga ina kallo, ta tura aljihun da gwiwa.

"Ba shi da muni sosai in an saba," ta ce. "Ko?"

Na ce mata e. Shekara goma sha shida ina da shi, na san ƙarya nake yi.

Ranar Alhamis Mama ba ta samu izini a wurin aiki ba, don haka mu uku muka hau bas. Kaka ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci da 'yan kunnen aurenta. Ta kuma ɗauko muciya, a naɗe cikin mayafin tebur.

"Kaka, me za ki yi da wannan a ofishin gwamnati?" in ji Candela.

"Ana buga hatimi zan damƙa miki. A gaban hukuma. Gumersinda Ƙarama, riƙe min nan, kada ki zungure idon bawan Allah."

Muka zauna a benci muna jiran lambarmu. Ni tsoron ofisoshi nake ji. Ko burodi aka aike ni saye sai na maimaita abin da zan faɗa sau uku a hanya. Ga mutane cike, masu rajistar jarirai, da wasu biyu da suka zo sa ranar aure suna ta riƙe hannun juna kamar za a ƙwace ɗaya.

Aka kira mu. Ma'aikaciyar wata mata ce mai furfura, tabaranta na rataye da sarƙa. Ta karɓi tsohuwar takardar haihuwa da katin, ta duba, ta yi wa Candela murmushi, ta turo takarda da biro.

"A wannan layin za ki rubuta sunan da kika zaɓa, 'yata, da manyan baƙaƙe. Sunan dangi yana nan yadda yake. Ki natsu, kin san in an shigar, sake shi sai da alƙali."

"Ta sani," in ji Kaka, ta fara kwance mayafin tebur.

Ma'aikaciyar ta dubi muciya, ta dubi Kaka, ta yanke shawarar ba ta ga komai ba.

Candela ta ɗora biro a kan layin. Ta rubuta harafin farko. Ta rubuta na biyu. Hannun da ke ƙirga ƙwayoyin magani ba ya kuskure, shi ne ya rubuta su duka biyun a karkace.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ban yarda ba!"

Ofishin ya yi tsit. Wani jariri ma ya daina kuka. Ni kaina na waiwaya neman mai maganar, sai na ga hannuwana biyu riƙe da muciya, na fizge ta daga cinyar Kaka, na rungume ta a ƙirji.

"Ke, lafiyarki?" in ji Kaka.

"Sunana ne!" Bakin ya riga ya ɓalle. "Ni aka ba wa! Shekara goma sha shida ana min dariya da shi, a makaranta, a asibiti, har likitan haƙori sai da ya ajiye abin aikinsa ya yi dariya. Ni na sha wahalarsa. Yanzu da ya fara min daɗi sai wata ta zo rana tsaka ta ɗauka? Ta nemi nata!"

"Gume," in ji Candela ƙasa-ƙasa, "zauna, don Allah, ana kallonmu."

"Kada ki ƙara ce min Gume! Ɓarauniyar suna!"

Kaka ta gyara zama. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar.

"Daɗi ya fara miki?"

"Ƙwarai."

"Ke da kika ce wa malaminku a rage shi?"

"Ƙuruciya ce."

"Watan jiya ne fa."

"Na girma tun daga lokacin."

Wani a benci ya tuntsire da dariya, matarsa ta zungure shi. Kaka ba ta ko waiwaya ba.

"Mai suna ita ce mai tukunya."

"Na sani. Tawa ce."

"Awa shida."

"Ko bakwai."

"Ba littafi a aljihu. Ba littafi a bayan itace. Ba littafi a cikin buhun masara, don na san can kika shirya ɓoye na bana kafin ki samo wannan dabarar."

Na dubi takardar da ke gaban Candela, da haruffa biyun nan a karkace.

"Ba littafi," na ce.

"Har yaushe?"

"Har... har a haifi wata."

Kaka ta juya ga ma'aikaciyar. "Baiwar Allah, kin ji da kunnenki? Ke ce hukuma."

"Na ji, ranki ya daɗe," in ji matar, tana danne baki da bayan hannu. "Sai dai ba mu da takardar da ake cikewa ta wannan."

"Ba komai, shaida ta isa."

Sai Kaka ta tsaya tana kallona, ni da muciyata. Idonta ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba ko a jana'iza.

"Shekarata saba'in da tara," ta ce, "ban taɓa ganin wanda ya yi faɗa don a bar masa sunan nan ba. Ni ranar da na iya karanta shi kuka na yi. Uwata ta ce ita ma haka." Ta share ido da ɗan yatsa, ta juya ga yayata. "To, babba, kin gani. Haƙƙinki ne, amma ƙanwarki ta haukace a kansa, in na ƙwace za ta iya rotsa wa wani kai da icen nan. Ki yi haƙuri ki bar mata. Sai ki nemi wani. Kina da wani a hannu?"

Candela ta ɗago kai.

"Candela, Kaka."

Kaka ta tauna shi a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Candela. Hm. Ba shi da nauyi ko kaɗan, iska ma sai ta ɗauke shi." Ta ɗaga kafaɗa. "To rubuta mana, Candela, ƙafata ciwo take, kuma bas ɗin sha ɗaya ba ya jiran kowa."

Ma'aikaciyar ta janye takardar da ta ɓaci, ta turo sabuwa. Yayata ta rubuta shi a tashi ɗaya. Wurin sa hannu ta yi masa jela. Ina jin har tauraron ta so sawa, ta tuna a ofis take.

A bas, bayan mun wuce gada, Candela ta matso ta raɗa min a kunne, "Likitan haƙori?"

"Wannan gaskiya ne."

"Ɓarauniyar suna fa?"

"Wannan a littafi na gani."

Ta matse min hannu har yatsuna suka yi ƙara. Kaka tana gaba, ta rufe ido kamar mai barci, amma gefen bakinta yana motsi. Har yau ban san tun yaushe ta gano ni ba, kuma ba ni da ƙarfin halin tambaya.

Ranar ashirin da biyar ga Mayu, gari na wayewa ina kan tukunya. Kafin in fara sai da Kaka ta caje ni, aljihu da ɗamara har cikin safa. Sannan ta sa aka fito da kujerar nan mai taushi ta falo aka ajiye a gefen murhu, ta ce ai al'ada ce, babbar 'ya ita ke zama ta ɗanɗana gishiri. Mama ta ce shekararta ashirin da shida a gidan nan ba ta taɓa jin wannan al'adar ba. Kaka ta ce da ba a samu mai yi ba ne.

Candela ta zauna, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da alamarta a ƙirji duk da ranar hutu ce. Ta zaro littafin da na zaɓa wa kaina.

"An hana ki karantawa," ta ce, "ba a hana ki ji ba. Juya, ni zan karanta miki."

Ta karanta shafi biyu da muryar mai sanarwa a tashar mota, ta yi hamma, ta ce mutanen nan surutu ya yi musu yawa. Ta juya can ƙarshe.

"Kai! Ashe matar likitan ce ta kashe shi."

"Yaya!"

"Me? Na rage miki wahala."

Kaka ta zuba ruwan zafi a ƙoƙo, ta miƙa ta saman kaina.

"Candela, karɓi." Sannan ta shinshina iska. "Gumersinda! Ƙasan tukunya!"

Ta ɗan kama. Amma kaɗan ne, mai burodi ma sai da ya ƙara kwano na biyu kafin ya faɗa.